MAGANA A KAN KUƊIN HANNU DA KUƊIN WAYA

Da sunan Allah ake fara kowane abu mai amfani. Bayan haka, ku sani, ya ku malamai da fatake da masu rumfa, akwai wata gardama da ta tashi a ƙasar nan tun shekarar 2023, har yanzu ba ta kwanta ba. Ana yin ta a zaure bayan karatun la'asar, ana yin ta a Kantin Kwari da Dawanau da karar shanu ta Wudil, ana kuma yin ta a majalisun masu mulki. Asalinta kuwa shi ne: shin ya kamata a raba mutane da kuɗin hannu, a mai da cinikinsu duka cikin waya da na'ura, ko kuwa a bar su da takardar da suka saba ƙirgawa? Waɗansu sun ce wannan shi ne ci gaba, wanda ya ƙi shi ya ƙi zamani. Waɗansu sun ce dabara ce ta masu mulki da masu banki, don su san abin da ke aljihun kowa, su kuma yanki rabonsu cikin kowane ciniki. Kowane sashe yana da hujjarsa. Amma wanda ya bi labarin daga tushe zai ga kasuwa ba ta taɓa ƙin sabon kuɗi don sabuntarsa ba. Abin da take ƙi shi ne a ƙwace mata na hannu tun ba a ba ta madadinsa ba.

Fasali na ɗaya: kuɗin da suka gabata

A zamanin kakanni wuri ne kuɗi. Sa'ad da Bature matafiyi Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 su ne canjin riyal ɗaya na azurfa. Keso guda, watau wuri 20,000, kayan ƙato ne. Mai babban ciniki sai ya ɗauki masu ƙirga, su zauna bisa tabarma suna ware biyar biyar har rana ta karkata. Da Turawa suka ci ƙasa, suka hana shigo da wuri, suka kawo sule da sisi da taro da kwabo da anini. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, kuɗin ƙarfe suka bi gyaɗa har ƙauyuka. Duk da haka wuri bai mutu rana ɗaya ba. Shekaru masu yawa tsofaffi suna sayen gishiri da daddawa da shi a ƙananan kasuwanni, har ya ɓace don kansa, ba wanda ya yi masa kuka.

Haka takarda ta sha wuya kafin ta sami karɓuwa. Manomi ya fi amincewa da ƙarfen da zai binne cikin tulu, gama takarda tana tsoron gara da ruwa da gobara. Banki ma sai da manya suka shiga sa'an nan ƙanana suka bi. Ana ba da labari cewa a 1929 Alhaji Alhassan Ɗantata ya kai ajiyar azurfa kayan raƙumi 20 bankin Turawa na Kano, ganin haka ya sa zukatan attajirai da yawa suka kwanta.

Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959. A 1973 aka bar fam aka koma naira, fam ɗaya naira biyu, shi ya sa dattawa suka daɗe suna kiran naira 200 jaka guda, watau fam ɗari. Wannan canji an yi shi da shiri da shela mai tsawo, ya wuce lafiya. Amma akwai canji biyu da aka yi su da wata manufa. Na Janairun 1968 an yi shi cikin yaƙin basasa, don takardun da ke hannun 'yan tawaye su zama banza. Na Afrilun 1984 kuwa, zamanin mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, an rufe iyakokin ƙasa, aka sake launin takardu, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su canja. Masu shekaru suna tune da layin da aka yi a ƙofar bankuna, da makiyayan da labari bai kai musu ba sai bayan an rufe. Daga nan mai hankali zai gane canjin kuɗi yakan zama gyara, yakan kuma zama makami a hannun mai mulki.

Fasali na biyu: abin da ya faru a 2022 da 2023

Maganar rage ciniki da tsaba ta girmi wannan rikici. An fara ta a Ikko a 2012, zamanin da Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi ke shugabancin Babban Banki, aka kawo ta Kano a 2013. A lokacin ba a hana kowa kuɗinsa ba, sai dai an ɗora caji ga wanda ya ciri tsaba mai yawa.

Ranar 26 ga Oktoba 2022 shugaban Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya yi shela cewa za a sake takardun naira 200 da 500 da 1,000. Hujjarsa ita ce, cikin naira tiriliyan 3.23 da ke yawo a ƙasa, tiriliyan 2.73 suna wajen bankuna, a gidaje da rumfuna da ramuka. Ya ce canjin zai karya masu buga jabu, ya toshe hanyar biyan fansa ga masu satar mutane, ya kuma rage tsadar kaya. Shugaba Buhari ya nuna sababbin takardun ranar 23 ga Nuwamba, suka fara fita ranar 15 ga Disamba: ta 200 ja, ta 500 kore, ta 1,000 shuɗiya. Da mutane suka gan su, sai suka ce ai tsofaffin ne aka kai marina. Aka yanka ranar 31 ga Janairu 2023 ta zama ƙarshen tsohon kuɗi, watau wata ɗaya da rabi ke nan daga fitowar sabo. Da kuka ya yi yawa aka ƙara kwana goma.

Jama'a suka yi biyayya, suka kwashi abin da suka tara suka kai banki. To, a nan ne aka gamu da abin da ba a zata ba: an karɓi tsoho, sabon kuwa bai wadata ba. Kafin ƙarshen Fabrairu kuɗin da ke yawo a ƙasa duka sun koma ƙasa da tiriliyan ɗaya. Mutum yana da dukiya a rubuce, ba shi da na cefane a hannu. Aka riƙa sammako ana kwana a bakin na'urar ATM. Da kowa ya koma aika kuɗi ta waya gaba ɗaya, na'urorin bankuna suka kasa ɗaukar nauyin, a cire kuɗi daga asusun mai saye, ba su isa ga mai sayarwa ba sai bayan kwanaki. A Ibadan da Benin da Warri da waɗansu garuruwan kudu har tarzoma ta tashi, aka farfasa bankuna, aka yi hasarar rayuka. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Fasali na uku: inda siyasa ta shiga

Ranar zaɓen shugaban ƙasa ita ce 25 ga Fabrairu 2023, saboda haka ba wanda ya ɗauki canjin a kan maganar banki kaɗai. Masu goyon baya suka ce an yi shi don 'yan siyasar da suka tara buhunan kuɗi na sayen ƙuri'a su wayi gari da takardun banza. Masu suka suka ce manya ba sa rasa hanyar samun sabon kuɗi ta bayan gida, talaka ne kaɗai zai bi layi. Abin mamaki, rigimar ta fi zafi cikin jam'iyyar da ke mulki. Ministar kuɗi, Hajiya Zainab Ahmed, ta gaya wa majalisar dattawa ba a shawarci ma'aikatarta ba. Ɗan takarar jam'iyyar, Bola Tinubu, ya tsaya gaban taro a Abeokuta cikin Janairu ya ce an shirya abin don a ɓata zaɓe. Gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara, dukansu na jam'iyyar shugaban ƙasa, suka kai ƙara Kotun Ƙoli, daga baya waɗansu jihohi suka bi su, har da Kano.

Ranar 8 ga Fabrairu kotu ta ce a dakata. Ranar 16 ga wata shugaban ƙasa ya yi jawabi ya ce tsohuwar 200 kaɗai ya yarda ta ci gaba da yawo. Gwamnan Kaduna ya ce wa mutanensa su ci gaba da karɓar duka. Sai ɗan kasuwa ya rasa wa zai bi: in ya karɓi tsoho, banki ya ƙi shi; in ya ƙi, gwamnatin jiha ta yi masa barazanar rufe kanti. Ranar 3 ga Maris, bayan an gama zaɓe, kotu ta yanke hukunci cewa ba a ba jama'a isasshen wa'adi kamar yadda dokar Babban Banki ta nema ba, tsofaffin takardu su ci gaba har ƙarshen shekara. A Nuwamba ta sake zama ta ɗage wa'adin ba tare da sa wata rana ba. Emefiele kuwa, sabon shugaban ƙasa ya dakatar da shi cikin Yunin wannan shekara. Takardun da aka ce sun mutu, su ne aka fito da su daga ma'aji aka mayar wa mutane.

Fasali na huɗu: wanda ya ɗauki kayan

Babban attajiri na Kwari ko Singa bai ji abin sosai ba, domin cinikinsa na miliyoyi tun dā ta banki yake bi. Nauyin ya faɗa kan mai kayan da ba sa jira. Mai tumatir a 'Yan Kaba, da mai lemo, da mai ƙwai, da mai nono, kayansu suna lalacewa a gabansu don mai saye ba shi da tsaba, su kuwa ba su da asusu. A kasuwannin hatsi da na dabbobi kaya ɗaya ya zama da farashi biyu, na kuɗi hannu da na waya, mai tsaba yana saye da araha ƙwarai. Manomin da ya kawo buhu don ya sayi magani, tilas ya sallama yadda aka taya. A waɗansu kasuwannin kan iyaka mutane suka koma ciniki da sefa, a waɗansu ƙauyuka aka koma musayar kaya da kaya kamar zamanin da ba kuɗi.

Ɗan dako da ɗan garuwa da mai wankin hula da mai yankan farce, dukansu abincinsu yana cikin ƙananan kuɗin da ke fita daga aljihu. Da aljihu ya bushe, su ne farkon kwana da yunwa. Makarantun allo ma abin bai bar su ba, gama kuɗin Laraba da sadakar da ake miƙa wa malami ko almajiri ba ta waya suke zuwa ba.

Dalilin da ya sa abin ya fi tsanani a Arewa a fili yake. Binciken da ƙungiyar EFInA ta yi a 2023 ya nuna kusan rabin manyan mutane na Arewa maso yamma ba su da hulɗa da banki ko wani gidan kuɗi, alhali a ƙasa duka kamar mutum ɗaya ne cikin huɗu. Akwai garuruwan da sai an yi tafiyar awa biyu ko uku kafin a ga ƙofar banki. Kuɗin waya kuma ba ya tafiya sai da sabis, sabis kuwa a hannun wani yake. A Satumbar 2021 hukuma ta rufe layukan waya a jihar Zamfara duka da sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni ba kira ba saƙo. A Maris 2024 kuma wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka yanke daura da gaɓar Afirka ta Yamma, aikin bankuna da yawa ya tsaya. Wanda dukiyarsa duka ke cikin waya, a irin waɗannan ranaku ba shi da bambanci da wanda ba shi da ko anini.

Fasali na biyar: sabuwar sana'a da tsohuwar amana

Cikin wannan ƙunci wata sana'a ta yi ƙarfi, ita ce ta masu POS. Yaro ya sami laima da teburi da 'yar na'ura, ya zama banki a bakin titi. Tun 2013 Babban Banki ya ba da izinin irin wannan wakilci, amma a 2023 ne kowa ya san darajarsa. Kamfanoni irin su OPay da Moniepoint da PalmPay suka sami shiga, domin a kwanakin nan aikensu ya fi na manyan bankuna saurin isa. Samari da 'yan mata masu yawa da suka gama makaranta ba aiki sun sami abin rufin asiri. Amma an ga ɗayar fuskar. Ladan da aka saba, naira 100 a kan 5,000, ya haura a waɗansu wurare har mutum ya biya 1,000 ko fiye kafin ya karɓi 5,000 na kansa. Har yanzu ana gardama: masu POS sun ce su ma sayen tsabar suke yi a gidan mai da wurin 'yan kasuwa, masu suka sun ce da gangan bankuna suke barin na'urorinsu fanko don a tura jama'a wurin mai laima.

A cikin rumfa ma zama ya sake. A dā maigida yakan zauna da yamma, yaro ya kawo ciniki a ƙirga a gabansa. Yanzu lambar asusu tana rubuce a kwali an rataye, maigida yana gida ko yana Dubai yana ganin abin da ya shiga. Waɗansu iyayen gida sun ce wannan ya rage zato da zargi, ya tsare mutuncin yaron kirki. Waɗansu sun ce ya buɗe sabuwar ƙofa, gama yaron da zuciyarsa ta karkata yakan miƙa lambar asusunsa maimakon ta maigida. Dillali kuma, wanda ya saba cire la'adarsa nan take kafin kuɗi su bar tabarma, yanzu sai ya bi mai kaya yana jiran a turo masa. Falken da ke ɗaura lalita a ƙugu ya bi hanyar Ikko ko Anaca yana addu'a kada a tare mota, shi kam ya huta, wannan alheri ne da ba mai musunsa. Sai dai ɓarawon ya bar daji ya shigo cikin waya: yana turo alat na ƙarya ya ɗauki kaya, ko ya kira ya ce daga banki yake, a karanta masa lambar sirri.

Akwai wani abu kuma da ya shafi masu karanta wannan shafi musamman. Takardun 200 da 500 da 1,000, tsoho da sabo, suna ɗauke da adadinsu cikin ajami. An cire shi daga naira 5 da 10 da 20 da 50 a 2007, aka cire shi daga sabuwar naira 100 a 2014, amma ya saura a manyan. Saboda haka wanda ya yi karatun allo yana duban takarda ya san abin da ke hannunsa. Saƙon banki kuwa mafi yawansa da Turanci yake zuwa, cikin baƙaƙen boko. Sai ka ga dattijon da ya haddace Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, yana riƙe lissafin bashin mutum hamsin a littafinsa ba kuskure, ga shi yana miƙa wa yaron shagonsa waya ya ce, “Duba mini, sun shigo?” Wanda ke karanta maka saƙo ya san sirrin dukiyarka, wanda ka ba lambar sirri kuwa ka ba shi mabuɗin rumbu.

Fasali na shida: abin da malamai suka duba

Mas'ala ta farko ita ce matsayin takarda. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta tabbatar cewa kuɗin takarda suna ɗaukar hukuncin zinariya da azurfa wajen riba da zakka. Abin da ke bin wannan, naira da naira ba a musanya su sai daidai wa daida, hannu da hannu. Don haka wanda ya ba da sabuwar 8,000 ya karɓi tsohuwar 10,000, ya faɗa cikin abin da aka hana, dokar Babban Banki ta 2007 ma ta hana sayar da takardar naira.

Ta biyu, shin shigar kuɗi cikin asusu tana zama karɓa? Majalisar nan, a zamanta na Jidda a 1990, ta ce rubuta kuɗi cikin asusun mutum karɓa ce a hukunce, ko da hannu bai taɓa su ba. Wannan ya sauƙaƙa wa 'yan canji na Wapa da masu sayar da zinariya. Amma sharaɗin shi ne su shiga da gaske. Hoton rasit a wayar mai saye ba karɓa ba ne.

Ta uku ita ce ladan mai POS, a nan kuwa malamai sun saɓa. Mafi yawa suna ganin ladan aiki ne, domin ya sayi na'ura, ya biya haya, ya je ya nemo tsaba, ya ɗauki kasadar 'yan fashi. Waɗansu suna ƙyamar ladan ya riƙa hawa bisa yawan kuɗi, don yana kama da sayar da naira da naira. Amma ba a ji malamin kirki da ya halatta a matse mabukaci ranar ƙunci a karɓi ɗaya bisa biyar na haƙƙinsa ba. Magabata ma sun san irin wannan bukata. Littattafan Malikiyya sun yi magana a kan suftaja, watau ka ba mutum kuɗi a wannan gari ya rubuta maka takarda ka karɓa a wancan. Sun ƙi ta, sai in tsoron hanya ya game, sa'an nan suka yi rangwame. Ayar bashi kuma, wadda ke kusa da ƙarshen Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu, ta ɗauke wannan nauyi daga cinikin da ake yi nan take. Kuɗin da aka tura ba su iso ba, sun fita daga cinikin nan take sun zama bashi, ya kamata a rubuta.

Fasali na bakwai: awo

In aka ɗora alkawuran 2022 bisa ma'auni, ga abin da ya fito. Satar mutane ba ta tsaya ba: a Maris 2024 an kwashe ɗalibai fiye da ɗari a Kuriga ta jihar Kaduna. Tsadar kaya ba ta sauka a shekarar ba, hawa ta yi. Tsabar da aka so a rage ta dawo ta fi dā, ta haura tiriliyan 5 a ƙarshen 2024, mafi yawanta kuma a wajen banki, ko da yake tsada ta sa takarda ɗaya ba ta iya sayen abin da take saye dā. A ɗaya hannun, kuɗin da aka aika ta waya da na'ura sun tashi daga kimanin tiriliyan 387 a 2022 zuwa kimanin tiriliyan 600 a 2023. Mai shayi da mai nama da mai Adaidaita Sahu sun buɗe asusu, ba su kuma rufe ba bayan tsaba ta dawo. Ashe kasuwa ta karɓi biyun duka, ta ba kowane aikinsa: babban ciniki da na nesa ta waya, ƙarami da na kusa a hannu.

Ƙasashen waje ma sun nuna haka. A Indiya a Nuwamba 2016 an soke manyan takardu cikin dare ɗaya don a kama masu ɓoye dukiya, talakawa suka sha azaba, daga ƙarshe fiye da kashi 99 cikin 100 na takardun suka koma banki lafiya. A Kenya kuwa, tun 2007 aka kawo aika kuɗi ta waya mai suna M-Pesa, ba a ƙwace wa kowa tsabarsa ba, mutane suka rungume ta don kansu har ƙauye, saboda sun ga ta fi ba direban mota saƙo.

Tsoron masu cewa za a riƙa yankar rabo shi ma ba banza ba ne. Akwai harajin naira 50 a kan aiken da ya kai 10,000, wanda aka faɗaɗa shi zuwa kamfanonin POS a Disamba 2024. A Mayun wannan shekara an yi shelar wani haraji na rabin kashi ɗaya cikin ɗari a kan aiken kuɗi, da sunan tsaron na'urori, jama'a da majalisa suka yi ca, aka janye shi. Kuɗin da ke cikin na'ura sauƙin taɓawa gare su ga mai iko, saboda haka sai an sa ido.

Khatima

Ga masu mulki, abu uku. Kada a karɓe tsoho sai sabo ya wadata a ƙauye kamar yadda ya wadata a birni. Kada a haɗa canjin kuɗi da kwanakin zaɓe, domin ko niyya ta yi kyau ba mai gaskata ta. A kuma tilasta wa bankuna su yi wa mutane magana da harshensu, da murya ko da rubutun da suka iya, su mayar da kuɗin da suka maƙale cikin gaggawa.

Ga 'yan kasuwa, kada kaya su bar rumfa sai ka ga kuɗi cikin asusunka da idonka, ko da mai saye ya rantse. Lambar sirri ba a ba ɗa, ba a ba yaro, ba a faɗa wa mai kira ko ya ce shi ne manajan banki. A raba asusun ciniki da na gida, don lissafin zakka da na gado su fita sarai, a kuma sanar da magada inda dukiya take, gama tulun da aka binne akan tono shi, asusun da ba wanda ya san da shi kuwa yakan bi mai shi kabari. Kada a zuba dukiya duka wuri ɗaya, a bar abin cefanen mako a hannu saboda ranar da sabis zai ɗauke. Wanda ya iya baƙaƙe 28 na Larabci da wasullansu tun yana yaro, lambobi goma da kalmomi kaɗan na saƙon banki ba za su gagare shi ba, in ya ba su mako biyu bayan sallar asuba.

Ga malamai kuma, babin ciniki yana nan cikin Risala da Muhtasar, almajirai da yawa kuwa kasuwa za su. Ya kamata in an zo wurin a kawo misali da abin da ke hannunsu yau, don yaron da zai zauna ƙarƙashin laima gobe ya san iyakar ladansa, ya san kuma kuɗin da suka shigo asusunsa bisa kuskure amana ce, sai ya mayar.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa. Allah shi ne mafi sani, shi ya sa albarka cikin nema, ya kiyaye talakawa daga gaggawar masu iko. Haza wassalam.